An Yi wa Metfomin Kishiya, Bakano Ya Tada Hankali

Alhaji Bakano, sarkin lissafi, mai goron Adjamé, ubangidanka na gaishe ka. Ba sai ka durƙusa ba, na yafe maka, na san gwiwar ta fara ƙara.

Labari ya hau gada ya same ni har Treichville, wai ka tara 'yan rumfa kana yi wa likitanka shari'a ba ya nan. Ƙarar kuwa ita ce, shekara da shekaru kana haɗiyar ƙwaya ɗaya ba wanda ya ji kanku, rana tsaka mutumin ya ɗaga takardar gwaji, ya gyara tabarau, ya ce sai an ƙara ta biyu. Nan take ka gano bakin zaren: shi da mai kantin magani ne suka haɗa jari, kai ne hajar. Har shaida ka kawo, cewa ko ciwon kai ba ka yi, kuma da ƙafarka kake zuwa Anyama sarin goro. Da aka gaya mini ban yi mamaki ba. Mutumin da aka yanke wa cibiya tsakanin Kurmi da Kantin Kwari, ko gaisuwa aka tsawaita masa sai ya shafa aljihu ya ji ko an rage wani abu.

To matso in biya maka karatu, tunda mu Allah ya ba Samaru da Shika, ku kuma ya ba ku sikeli. Kyauta ne, kada gabanka ya faɗi.

Wurin da kake zuwa ɗin nan, CADA, cibiyar masu ciwon suga da ke cikin cibiyar lafiyar jama'a ta ƙasa, INSP, a nan Adjamé, tun 1970 take aiki, lokacin kana yawo ba wando a lungunan Fagge. Ba a kanka suka fara ganin mai taurin kai ba. Binciken da aka yi a Kodebuwa a 2017 ya nuna kashi 6.2 cikin ɗari na manyan ƙasar nan suna da ciwon. Ka ga layin da kake tsaki a kansa da sassafe yana da dalili, ba don a ɓata maka ciniki aka jera mutanen ba.

Irin ciwon da ke kama manya kamarka, abu biyu ne suka haɗu a cikinsa. Jiki ya daina jin maganar insulin yadda ya kamata, ita kuma fankiriyas, 'yar tsokar da ke kwance a bayan tumbi tana samar da shi, ta yi ta ƙara himma har ta soma gajiya. Ga hanta a gefe tana zuba suga cikin jini ko da tsakar dare, shi ya sa kake tashi da asuba ba ka ci komai ba na'ura ta nuna maka lamba mai tsawo, ka ce na'urar ce 'yar jabu. Gajiyar fankiriyas kuwa ba ta tsayawa wuri guda, gaba take yi da shekaru. Turawan Ingila sun bi dubban masu ciwon tun daga 1977 a wani dogon bincike mai suna UKPDS. Abin da suka gani: bayan shekara 3, kusan rabi ne kaɗai magani ɗaya ke iya riƙe musu suga inda ake so, bayan shekara 9, sai wajen mutum ɗaya cikin huɗu. Kai shekara nawa ka yi kana kan ƙwaya ɗaya? Lissafa, ai sana'arka ce. Maimakon ka kai likita ƙara, kamata ya yi ka tambaye shi me ya sa ya yi maka haƙuri har yanzu.

Zancen ba ka jin ciwo kuwa, shi ne hujjar da ta fi kowace rauni. Suga ba ya aiko da manzo. A hankali yake cin ƙananan jijiyoyin ido da na ƙoda da na tafin ƙafa, ran da mutum zai ji, ya riga ya taka ƙusa ya wuni da ita a ƙafa bai sani ba.

Na kuma san dabarar da kake yi, 'yan rumfarka ba su da sirri. In ranar gwaji ta matso sai ka shiga zuhudu: ba burodi, ba shinkafa, sai ruwan shuwaka da fuska a murtuke, don gwajin safe ya sauko ƙasa da giram 1.26 a lita ka je ka yi wa likita fankama. Wannan karon sai ya rubuta maka gwajin HbA1c, ka biya kana ƙunƙuni. Shi wannan ba ruwansa da zuhudun kwana biyu. Suga yana manne wa jajayen ƙwayoyin jini, su kuma wata uku zuwa huɗu suke rayuwa, don haka duk abin da ka ci tun daga wancan watan yana nan a rubuce. Ga yawancin manya ana son lambar ta tsaya ƙasa da 7. Taka ba zan faɗa a jarida ba, saboda akwai sauran mutunci tsakanin bawa da ubangijinsa, amma ta wuce nan da tazarar da ko a cinikin goro ba a kiranta ragi. Abu guda da za ka iya faɗa wa likita ya saurare ka: in kana da sikila ko wani nau'in jini irin nata a dangi, ka gaya masa, don yana iya karkatar da wannan gwajin.

Me aka rubuta a cikin jinin? Ni shaida ne. Ƙarfe bakwai kana kan bencin mai shayi, wanda mutanen Abijan ke kira aboki. Yaron ya karkata gwangwanin madara mai kauri, tana zuba kamar ba za ta tsinke ba, kai kuma ka kafa mata ido kana cewa "ƙara, ƙara, ai kuɗina ne," sannan a tsaga rabin sandar burodi a shafe ta da bota. Kafin azahar kana wurin mai garba: aceke tuli guda, kifin tuna da aka tsamo daga man da ya yi baƙi, yankakken barkono da albasa, a barbaɗa dunƙule, a ƙara cokalin mai a kai. Da la'asar aloko, a kora da zoɓo mai sanyi wanda sukarinsa ke kama leɓe. A Disambar 2024 UNESCO ta sa sana'ar yin aceke cikin kayan gadon duniya, ka yi ta murna kamar kai aka ba lambar. Gadon duniya ne, ba mu musa ba, amma rogo ne, kuma jininka bai san UNESCO ba.

Yanzu ga maganar da ta kawo mu. Abin da likita ya yi, kishiya ya yi wa metfomin, kuma ban ga dalilin da kai za ka tada jijiyar wuya ba, kai da ka ƙara aure har sau biyu ba wanda ya rubuta maka takarda.

Uwargida dai metfomin ce, wadda kake saye da sunan Glucophage. Wani likitan Faransa, Jean Sterne, shi ya fara ba masu suga ita a 1957, asalinta kuwa daga wani tsiro ne na Turai da ake kira galega. Amurkawa sai a 1995 suka fara sayar da ita, ka ga ashe ba Kanawa kaɗai ke jan ciniki ba. Aikinta shi ne ta tsawata wa hanta ta rage zuba suga, ta kuma sa jiki ya ƙara jin maganar insulin. Ba ta sa ƙiba, ita kaɗai da wuya ta kayar da suga ƙasa har mutum ya faɗi, ga ta da araha. Laifinta ɗaya, tana da tsegumi a ciki: tashin zuciya, kumburi, gudawa, musamman farkon zama. Shi ya sa ake shan ta tare da abinci, ba a kan yunwa ba. In an daɗe tare tana iya rage sinadarin B12, kuma in ƙoda ta yi rauni sosai dole a sallame ta, don haka gwajin ƙoda na shekara-shekara da kake cewa ɓarnar kuɗi ne, hakkinta ne. Ba a sake ta don an kawo wata. Tana nan a ɗakinta, aikin ne ya fi ƙarfin mutum ɗaya, kuma ninka ta fiye da ƙima ba ya ƙara komai sai zaryar bayi.

Amaryar da aka fi kawowa a ƙasashenmu daga gidan salfonilyuriya take, su gilibenkilamid da gilikilazid da gilimefirid, waɗanda ka sani da Daonil da Diamicron da Amarel. Sadakinsu ba tsada, na san nan idonka zai tsaya. Yadda aka gano gidan nasu ma ya isa ya sa ka nutsu. A 1942, a birnin Montpellier, likita Marcel Janbon yana gwada wani sabon magani a kan masu zazzaɓin taifot, sai ya ga suna suma, wasu har suka mutu. Da aka bincika, ashe suga maganin ke kayarwa. Daga wannan hatsarin aka samo su. Aikinsu matsa wa fankiriyas ta fito da insulin, kuma ba sa tambaya ko ka karya kumallo. Ka ci, su yi aiki. Ba ka ci ba, su yi aiki. Riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Akwai 'yan gidan giliftin, su bildagiliftin da sitagiliftin, masu kunya, ba sa motsi sosai sai abinci ya shiga hanji, don haka ba kasafai suke kayar da mutum ba. Sai dai lefensu da nauyi. Akwai kuma 'yan zamani irin su emfagilifulozin, da ke sa ƙoda ta zubar da suga ta fitsari. Tun 2015 bincike ya nuna suna kare zuciya, daga baya aka ga har ƙoda, a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa su cikin jerin magungunan da bai kamata ƙasa ta rasa ba. Mai shan su sai ya yawaita shan ruwa da tsarki mai kyau, ya kuma haƙura da sabunta alwala. Wace ce ta dace da kai, wannan likita ne waliyyi, shi ya san ƙodarka da zuciyarka da shekarunka na gaskiya, ba waɗanda ke kan fasfo ba.

Hikimar haɗin ita ce kowace da inda take kamawa, ɗaya hanta, ɗaya fankiriyas ko hanji ko ƙoda. Ƙarin magani na biyu yakan rage HbA1c da abin da ya kai maki ɗaya ko ƙasa da haka kaɗan. Har ma akwai masu ganin tun ranar farko ya kamata a haɗa. A 2019 mujallar Lancet ta buga binciken VERIFY, mutum 2,001 a ƙasashe 34, an bi su shekara 5: waɗanda aka fara wa da metfomin da bildagiliftin tare sun fi daɗewa suga bai kuɓuce musu ba, haɗarin gazawar maganin farko ya ragu da kusan rabi. Kafin ka buɗe baki, e, kamfanin Novartis mai yin maganin shi ya ɗauki nauyin binciken. Na ba ka wannan, hancin Bakano ba ya kuskuren warin kuɗi. Amma shi UKPDS da na fara kawo maka tun kafin a haifi waɗannan sababbin magunguna aka yi shi, kuma maganarsu ɗaya: ƙwaya ɗaya ba ta riƙe yawancin mutane har abada.

Sai masu magani suka yi abin da kai ka kasa yi a gidanka, suka haɗa uwargida da amarya ɗaki ɗaya ba faɗa. Glucovance metfomin ce da gilibenkilamid a ƙwaya guda, Galvus Met da Janumet kuwa metfomin ce da giliftin. Lambobi biyun da ke jikin kwalin, irin 500/5 ko 50/1000, ba farashin sari da na sayarwa ba ne, nauyin kowace ce a ciki. Amfaninsa, abin haɗiya ya ragu, mantuwa ta ragu. Aibinsa, ba a iya rage ɗaya a bar ɗaya sai an canza kwalin gaba ɗaya.

A nan ne na ji abin da ya sa na ɗauki alƙalami. An ce da ka sayo Glucovance, ka buɗe ledarka ka ga sauran Glucophage kwali biyu, ga Daonil da ƙaninka ya aiko daga Kano cikin motar goro da ta dawo daga Mariri. Zuciyar Bakano ta ce asara haramun ce. Sai ka tsara: sabuwar da safe, tsofaffin da dare, har su ƙare. Alhaji, abin da ke cikin tsofaffin nan shi ne a cikin sabuwar. Ninki biyu kake sha. Sunan kamfani ne ya bambanta, ƙaramin rubutun da ke ƙarƙashinsa shi ne sunan yanka, shi ake dubawa. Wata rana kuma, in ciniki ya yi sanyi, sai ka koma ɗaya gefen: ka sa wuƙar goro ka raba ƙwaya biyu don kwali ya kai wata biyu. Wasu ƙwayoyin an yi su ne su narke sannu a hankali cikin yini, in ba mai magani ne ya ce wannan tana rabuwa ba, ka bar wuƙar ga goro. Yau ninki, gobe rabi, jibi hutu don ka ji garau, sannan ka ce magani ba ya aiki.

Roxy kuma fa? Kada ka rantse, an gan ka. Kowa a Abijan ya san wannan kasuwa ta Adjamé: mata zaune a bakin titi, manyan tasoshi cike da ƙwayoyi ja da fari da ruwan ɗorawa, wasu ba kwali, rana na dukansu tun hantsi, mai sayarwa ta ɗaga sachet ta gaya maka aikinsa da ƙarfin zuciyar da ko farfesa ba shi da ita. A 2017 hukuma ta yi samame ta kwashe tan-tan, ba a jima ba tasoshin suka dawo. A shekarar 2017 ɗin dai Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan magani ɗaya cikin goma a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi jabu ne ko mara inganci. Kai da ko huhun goro ba ka saye sai ka kwance ganyen ka tona har ƙasa ka ga ko akwai ƙwaro, yaya aka yi abin da za ka zuba wa jininka kullum shi kake saye ido rufe? In tsada ce, ka buɗe baki ka ce wa mai kantin magani ya ba ka wanda ba na babban kamfani ba, mai sinadari iri ɗaya. Wannan cinikin halal ne, kuma ka iya shi.

Mu koma kan amaryar da ba ta tambayar kumallo. Ka san mahaɗar Indénié a watan Yuni, yadda ta yi suna wajen tara ruwa. A ce ka haɗiyi ƙwayarka da asuba, ka ce sai ka isa Plateau ka karɓo bashi tukuna za ka karya, sama ta ɓalle, gbaka ta tsaya cik, yaron mota ya rataye a ƙofa yana zagin na gaba. Awa ɗaya, awa biyu. Sai gumi mai sanyi, hannu na rawa, yunwa kamar ta kashe ka, ido na ganin bibbiyu, ga saurin fushi, ko da yake wannan na ƙarshen a wurinka ba za a gane alama ba ce. Suga ne ya faɗi ƙasa da giram 0.70. Maganinsa, kuma ka ji daɗi, sukari ne: ƙwaya uku na mai iyali, ko rabin kwalbar lemo mai zaƙi, a sake gwadawa bayan minti 15, sannan a ci abinci mai riƙe ciki. Ka riƙa yawo da su a aljihu, uku na ce, ba na sayarwa ba. Ka kuma gaya wa yaranka, in suka ga ka fita hayyacinka kada su ɗura maka komai a baki, su kira 180. Barikin 'yan kwana-kwana yana nan Indénié, sun fi kowa kusa. Faɗuwar da gilibenkilamid ke jawowa tana iya dawowa bayan an farfaɗo, don haka asibiti za a wuce, ba rumfa ba.

Azumi ma haka. Wani bincike a ƙasashen Musulmi 13 a Ramadan na 2001 ya gano kusan kashi 79 cikin ɗari na masu irin ciwonka suna yin azumin aƙalla kwana 15, kuma mummunar faɗuwar suga ta ninka fiye da sau bakwai a watan. Ba wanda ya ce lallai ka ajiye, amma tun Sha'aban ake zuwa wurin likita ya sake tsarin: yawanci babban kaso ya koma buɗa-baki, na sahur a rage, gilibenkilamid kuwa sau da yawa a musanya ta da wadda ta fi sauƙin hali. In na'ura ta nuna ƙasa da 0.70 ko sama da giram 3, a sha ruwa, ko saura minti goma a kira magariba. Malaman da suka zauna da likitoci kan wannan sun ce ɗigon jinin yatsa ba ya karya azumi. Na san kai ba tsoron karyewar azumi ke hana ka gwaji ba, kuɗin tsinken gwajin ne.

Zogale da shuwaka da namijin goro, ci abinka, ban hana ba, amma ka gaya wa likita kana sha, kuma kada ka kore masa ƙwaya saboda su. In kuma wata rana biyun suka gaza ya ce sai ta uku, ko sai allurar insulin, ba tuhuma ba ce, ba kuma sammaci daga lahira ba. Ciwon ne ya ƙara tafiya, aka bi shi.

Ranar da aka rubuta maka komawa, ka juye ledar nan kaf cikin jaka: na kantin magani, na Roxy, na Kano, rababbun da ka ƙulle a takarda, da kwalbar jiƙon da ke bayan buhu. Ka zube su gaban likita ya tsince da kansa. Zan hayo daga Treichville in raka ka, don na san in kai kaɗai ne rabin jakar za ka ɓoye a rumfa. Kuɗin motata zuwa da dawowa a kanka yake, haɗe da kuɗin sharar bara da ka yi kwana da shi. Kuma tunda an hana ka madara mai kauri, gwangwanayen da ka saya sari ka sa yaro ya kawo mini, ni nawa sugan lafiyarsa ƙalau.